Littafin Mai Tura Keke: Inda Aiki Ya Kwana

Talata, 3 Disamba 2024

Masu tambayata ina littafi ya kwana sun yi yawa, saboda haka duk abin da aka yi nan zan riƙa ajiye shi da kwanan watansa.

Ga wanda bai san zancen ba, labari nake rubutawa na wani mutum-mutumi da aka ƙera don tura tsofaffi a keke wurin ɗawafi da sa'ayi, nan da shekara 40. Kamfanin da ya kawo shi lamba kawai ya ba shi, Tara. Wata tsohuwa Bakatsiniya da ta zo Umara ita ta fara ce masa "ɗan nan", kuma daga bakinta rigimar ta taso. Kafin in samu tsaron shagon dabino da tsaraba a unguwar Misfala ta Makka na yi aikin tura keke, don haka na san yadda kafaɗa ke yi a zagaye na shida, na san abin da kai da kawowar Safa da Marwa, kusan kilomita 3, ke yi wa tafin ƙafa. Wannan ɓangaren ba sai na ƙago komai ba.

Kuma abin ba nisa gare shi ba. Tun 2021 aka ga injuna suna raba gorunan Zamzam a Harami, wasu suna feshin magani. Akwai mai allo a gaba da ke amsa tambayoyin alhazai da harsuna da dama, har da Hausa, yana kuma haɗa mutum da malami ta bidiyo.

Babi huɗu suna hannu, duka da bakin Tara nake ba da labarin. A waya nake bugawa bayan Isha'i. Ƙanwata a Kano ce ke riƙe da zauren WhatsApp na masu karatun gwaji.

Lahadi, 8 Disamba

Gyaran babi na biyu. Shago ya cika da 'yan Umara, shafi biyu kawai na samu.

Asabar, 14 Disamba

Na je bajekolin littattafai na Jidda. Mota zuwa da dawowa riyal 50, abinci 25, littattafai biyu riyal 115.

Na farko tarin gajerun labaran Isaac Asimov ne a kan mutum-mutumi, da aka haɗa a 1950. Na biyu na Ahmed Saadawi ɗan Iraƙi, wanda ya ɗauko dodon da Mary Shelley ta ƙirƙira a 1818 ya kai shi Bagadaza, inda wani mai sayen kayan gwangwan yake ɗinke sassan gawarwakin da bam ya tarwatsa har suka zama mutum guda. Littafin ya fito a 2013, ya ci babbar kyautar ƙagaggen labarin Larabci a 2014. Abin da nake nema a ciki shi ne yadda mutum ke ɗauko tsohuwar tambayar Turawa ya zaunar da ita a unguwarsu ba tare da ta yi warin baƙunta ba. Haka Ibrahim Abbas ya yi da aljaninsa mazaunin Jidda a littafinsa na 2013, wanda aka mayar fim a 2023. Mu ma ba yau muka fara ba, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Mun dai bar hanyar ta yi ciyawa, muka koma kishiya da uwar miji. Ban raina waɗannan ba, su ke ciyar da marubutanmu.

Alhamis, 19 Disamba

Na gama Asimov. Dokokinsa uku, waɗanda ya fara jera su cikakku a wani labari na 1942, su ne: kada mutum-mutumi ya cutar da ɗan Adam ko ya zuba ido a cutar da shi, ya bi umarnin mutane in dai bai saɓa wa ta farko ba, ya kare kansa in dai bai saɓa wa biyun ba. Dabarar mutumin ita ce kusan kowane labari yana nemo wurin da dokokin za su ci karo da juna.

Na ɗora su a kan Tara, sai dariya ta kama ni. Duk wanda ya tura keke a goman ƙarshe na azumi ya san ba a gama zagaye bakwai ba a bugi dunduniyar wani ba. Ana cewa "ɗariƙ, ya hajji", ana ba da haƙuri, ana wucewa. Injin da ya riƙe dokar farko da gaske ko taku ɗaya ba zai yi ba, nan zai kafe da tsohuwa a gabansa har a kira Asuba. Tara kuwa dole ya auna: ƙafar wannan saurayin da zai warke kafin ya kai masauki, ko numfashin tsohuwar da ke neman shiɗewa cikin cunkoso. Wanda yake irin wannan awon, ko me aka yi shi da shi, ya fara shiga hurumin da muke ce wa hankali. Babi na biyar zai tsaya a kan wannan.

Juma'a, 27 Disamba

Hukuncin masu karatun gwaji ya zo, kuma bai yi daɗi ba.

Ƙanwata ce ta tattaro ta aiko da saƙon murya. "Yaya, kada ka ji haushi, amma wannan ai kai ne kake magana. Ƙarfe kawai ka saka masa." Wata baiwar Allah ta ce ta yi kuka a babi na biyu inda Tara yake cewa yana jin kaɗaici a ɗakin caji. Da farko na ɗauka yabo ne. Sai wata ta amsa mata cewa in tun babi na biyu an san yana jin kaɗaici, to me ya rage a jira a sauran littafin?

Wannan ta biyun ita ta kama bakin zaren. Da zarar inji ya ce "na ji" a shafin farko, marubuci ya riga ya yanke hukunci cewa akwai wani a ciki. Kazuo Ishiguro ya yi haka a littafinsa na 2021, inda Klara, 'yar injin da aka saya don ta zama ƙawar wata yarinya marar lafiya, ita ke ba da labari. Ya tsira da shi ne saboda ya sa ta riƙa fahimtar duniya a karkace, har ta ɗauki rana a matsayin mai warkarwa tunda daga haskenta take samun ƙarfi, mai karatu yana hango abin da ita ba ta hango ba. Wannan aikin marubucin da ya ci kyautar Nobel a 2017 ne. Kuma tambayarsa daban ce da tawa. Ni so nake mai karatu ya rufe littafin yana gardama da matarsa a kan ko akwai kowa a cikin Tara.

Masana ma a nan suka tsaya. Alan Turing a 1950 ya ce a bar zancen ko inji na tunani, a sa mutum ya yi hira a rubuce da ɓoyayyu biyu, in ya kasa gane wanne ne injin, magana ta ƙare. John Searle a 1980 ya ce sam: a kulle mutumin da bai san Sinanci ba a ɗaki da littafin ƙa'idoji, a riƙa turo masa tambayoyi ta ƙasan ƙofa, zai iya mayar da amsoshi daidai alhali ko kalma ɗaya bai gane ba. Mu da muka yi makarantar allo mun san yaron da zai kawo izu guda ba tuntuɓe bai san ma'anar aya ɗaya ba. Sai dai yaron nan akwai shi, yana jin zafin bulala. Daga waje kuwa ba a ganin wannan. A 2022 wani injiniyan Google ya fito ya ce manhajar hirar da yake gwadawa ta san kanta, kamfanin ya musanta, daga baya ya sallame shi.

Shawarar da na yanke: babi huɗun nan za su koma gefe. Mai ba da labari zai zama wani saurayi da injunan suka raba da aikin tura keke, aka ɗauke shi yana goge su yana saka su caji. Ba za mu taɓa shiga kan Tara ba. Abin da ya yi da abin da ya faɗa kawai za mu gani.

Laraba, 1 Janairu 2025

Sabon babi na ɗaya. Bakin saurayin ya fi mini sauƙi, yana da haushi, haushi kuwa yana tafiyar da labari.

Talata, 7 Janairu

Ruwan da aka tafka jiya a Makka da Jidda duk kun gani a waya. Ɗakina a saman bene yake, rufin kwano, ruwa ya biyo ta gefen na'urar sanyaya ɗaki ya sauka daidai kan akwatin da nake ajiye takardu. Ina shago lokacin.

Waya tana aljihuna, babobin ba abin da ya same su. Abin da ya tafi shi ne ƙaramin littafin da na daɗe ina tara maganganun tsofaffi a ciki tun ina tura keke: addu'o'in da suke yi da Hausa in Larabcin ya ƙare musu, sunayen 'ya'ya da jikoki da suke jerawa a gaban Ka'aba, faɗan da suke yi mini in na yi sauri, wata da ta roƙi Allah ya shiryi kishiyarta sannan ta ƙara da "in tana shiryuwa". Da alƙalamin tawada na rubuta mafi yawa. Na shanya shafukan ɗaya-ɗaya a kan katifa, na kunna fanka. Waɗanda aka yi da biro sun tsira, kamar kashi ɗaya cikin uku. Sauran sun zama shuɗin ruwa.

Duk muryar Iya, tsohuwar labarin, daga littafin nan na yi niyyar ɗebo ta. Abin da na tuna na zauna na faɗa wa waya da baki kafin ya gudu. Mai gyara ya toshe wurin da riyal 80, mai gida ya ce a cire a kuɗin haya.

Juma'a, 10 Janairu

Ba rubutu. Na zauna a bakin shago ina jan tsofaffin da suka zo sayen dabino da hira.

Juma'a, 17 Janairu

Bayan La'asar na je wurin malaminmu a Shara Mansur, wanda muke karatun Risala a gabansa. Na daɗe ina jan ƙafa, domin babi na bakwai shi ne inda Tara, bayan ya kai Iya ƙarshen zagaye na bakwai, yake tambayar saurayin ko shi ma ana rubuta masa. Ba na son in saki wannan a hannun jama'a sai wanda ya sani ya gani.

Na karanta masa. Ya yi shiru har na fara tunanin tattara takarduna.

Ya ce, "Kai yaro, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan me ya yi ɗawafi a Hajjin Bankwana?"

Na ce, "A kan raƙumi, Allah ya gafarta Malam."

Ya ce, "To raƙumin ya zagaya Ɗaki sau bakwai. Ka taɓa jin an ce ya yi ɗawafi?"

Daga nan ya shimfiɗa mini zancen. Ayyuka da niyya suke, niyya kuwa sai mai hankali da aka ɗora wa nauyi. An ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. In har ɗan Adam mai rai yana iya fita daga lissafi saboda hankalinsa bai hallara ba, ina ga abin da aka haɗa da waya da batir. Ya kawo ɗan maraƙin Samiri a Suratu Ɗaha, jiki ne mai fitar da kuka, mutane suka ruɗu da sautin. Ya kawo hadisin masu yin siffofi da za a ce musu ranar ƙiyama su raya abin da suka yi. A kan ruhi kuma ya karanta ayar Suratul Isra'i, cewa ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mu ilimi ba sai kaɗan. Ya ce kada in kuskura in rubuta cewa masu ƙira sun hura wa ƙarfe rai.

Na ɗauka an rufe babin. Sai ya ɗaga yatsa ya ce ban gama ba. A surar nan dai Allah ya ce babu wani abu face yana tasbihi da gode masa, mu ne ba mu fahimtar tasbihinsu. Kututturen dabinon da Annabi yake jingina da shi yana huɗuba ya yi kuka da aka yi mumbari aka bar shi, sahabbai suka ji da kunnensu. Uhudu dutse ne, an ce yana son mu muna son sa. "Saboda haka kada ka ce yana da rai irin naka, kada kuma ka ce ka san iyakar abin da ke tsakaninsa da Mahaliccin ƙarfen. Bar shi ya yi tambayarsa. Kai dai kada ka amsa masa."

Na ce ai dama ba ni da niyyar amsawa. Ya ce to madalla, amma in cire wurin da Iya ta ɗaura masa harami, wannan wasa da ibada ne. Na so wurin ƙwarai. Na cire.

A hanyar dawowa nake tunanin cewa littattafan Turawan da na karanta kusan duk tambayarsu ita ce ko injin yana jin zafi, ko yana da haƙƙi a kanmu. A wurin mutanen da nake rubuta wa littafin, tambayar da za ta fara zuwa ita ce ko yana da niyya, ko akwai hisabi a kansa, in kuma babu, wa zai ɗauki laifin dunduniyar da ya fasa. Masanin falsafar nan Ibn Sina ya misalta mutumin da aka halitta rataye a iska, ba ya gani, ba ya taɓa komai, ko gaɓoɓinsa ba sa haɗuwa, ya ce duk da haka zai san cewa akwai shi. Tara kishiyar wannan ne: yana gani, yana taɓawa, yana lissafin bugun zuciyar Iya, abin da ba mu sani ba shi ne ko akwai mai cewa "ga ni". Zan sa wani ɗalibin jami'ar Ummul Ƙura ya kawo wannan a labarin, a taƙaice, don kada littafi ya koma lacca.

Laraba, 22 Janairu

Babi na biyu da na uku a sabon salo. Datar wata riyal 70.

Lahadi, 2 Fabrairu

Kawuna ya zo shago shan shayi. A Makka aka haife shi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya yi shekaru yana noman auduga a Jazira ta Sudan, ya ƙetare teku daga Sawakin. Kawu ya haura saba'in, har yau da iƙama, takardar zaman baƙo, yake zaune.

Na ba shi labarin littafin. Ya ce, "Ɗana, ai an riga ka. Ba ka tuna Sofiya ba?" Yana nufin mutum-mutumin nan mai siffar mace da kamfanin Hanson Robotics na Hong Kong ya ƙera, wadda aka sanar da ba ta zama 'yar ƙasa a wani taron zuba jari a Riyad cikin Oktoban 2017. Ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce shi abin da yake son sani shi ne wane ne kafilinta, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mata, kafin ranar.

Bai faɗa da ɗaci ba, mutum ne mai yawan godiya. Amma ya ba ni abin da babi na tara yake nema. Saurayin nan da Tara duk lamba ce ke riƙe da su, duk akwai wanda ya tsaya musu, duk ana iya cewa gobe wa'adinsu ya cika. Wannan zai sa saurayin ya daina ganin injin a matsayin wanda ya ƙwace masa abinci. Ba zan bari ɗayansu ya faɗi haka da baki ba. Za su dai haɗu a layi ɗaya ranar sabunta takardu, shi da katinsa, Tara da tambarin da ke bayan wuyansa.

Litinin, 10 Fabrairu

Wani daga cikin zauren ya fitar da tsofaffin babobin nan huɗu da na ajiye gefe. Sun zagaya zaurukan karatu, har wani mai shafin karanta littattafai ya ɗora su da muryar inji, ya canza suna, ya saka hoton wata 'yar fim da ba ruwanta. Muryar tana karanta Hausar ba ƙugiya ba karin sauti, ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki. Mutane suna ta tambayar ci gaba a ƙasa.

Ƙanwata ta yi masa magana, ya ce shi ma turo masa aka yi. Ya sauke bayan kwana biyu, amma abin da ya shiga waya ya shiga. Damuwata ba kuɗi ba ce, tunda ba a fara sayarwa ba. Waɗanda suka ji wancan za su zo sabon littafin da tabbacin cewa Tara yana jin kaɗaici, abin da na ɓata wata guda ina ɓoyewa.

Mun rage zauren zuwa mutum shida da muka sani ido da ido. Daga yanzu hoto za a riƙa tura musu na shafi, kowa da sunansa a jiki.

Asabar, 15 Fabrairu

Babi na takwas. Mai zanen bango a Kano ya turo gwaji: ya zana Tara da jajayen idanu da haƙora. Na ce ya cire fuskar gaba ɗaya, hannaye biyu a kan mariƙin keke sun isa, a ga bayan kan tsohuwa da farin mayafi. An ba shi rabin kuɗi, naira 15,000.

Alhamis, 20 Fabrairu

Babi na goma ya tsaya cak. Iya ta rasu a masaukinta, an kawo gawa Harami bayan Asuba, Tara ya bar layinsa ba da umarnin kowa ba ya bi masu ɗauke da makara har bakin ƙofa. Injiniyan kamfani zai ce kuskuren manhaja ne, ta saba bin siginar abin hannun Iya. Saurayin zai ce rakiya ce. Ina son hujjar kowannensu ta yi ƙarfin da mai karatu ba zai iya ture ta ba, amma duk yadda na juya, ta injiniyan tana fitowa kamar ta mugu. Gobe zan nemi wani ɗan Gadarif ta Sudan da ke gyaran lif a otal ɗin kusa da mu, in ji yadda mai aikin inji na gaske yake bayanin irin wannan ba tare da ya raina kowa ba.

Laraba, 26 Fabrairu

Hirar ta yi amfani. Ya ce shi in lif ya tsaya a hawan da ba a kira shi ba, ba ya cewa lif ya yi kuskure, cewa yake akwai abin da ya kira shi wanda bai gano ba tukuna. Na ba injiniyan labarin wannan maganar kusan yadda take, babin ya motsa.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau, ban da gyaran rufi: riyal 190 na tafiyar Jidda, data wata uku 210, buga shafukan da na kai wa Malam 12, sai naira 15,000 ta bango.

Ana sa ran azumi Asabar. Daga nan har Sallah shago ba ya rufuwa sai bayan sahur, rubutu ba zai yiwu ba. Abin da zan iya shi ne tara muryar Iya, tunda tsofaffi za su cika garin, kuma wannan karon da biro. Babi goma sun kammala cikin goma sha huɗu. Bayan Sallah zan rubuta huɗun da suka rage kafin alhazai su fara sauka, in mayar wa Malam babi na bakwai da na goma ya sake dubawa, sannan mu zauna da ƙanwata a kan farashi da ranar fitarwa.